Abin da Muka Ɓoye wa Brod Pidoy

Shafi na 23

Na karanta saƙonninku. Masu cewa in faɗa masa da masu cewa in kama bakina kusan kai ɗaya kuke. Ni ma haka raina ya rabu a ranar. Ga yadda aka yi.

*

Asabar ce, gobe Lahadi ta huɗu, ta ƙarshe a jarrabawar zama lauya. Ɗakin da ƙungiyarmu ta Lampara ta kama a otal ɗin nan na Manila ya cika da warin injin kwafe takardu da tururin shinkafa. Ina tsaye a bakin ƙofa, hannuna a aljihu.

"Brod Lolo, fuskar nan taka za ta tona mu," in ji Arnel Batislaong, ɗan ajin ƙarshe da ke jagorantar hidimar bana. "Ka sake ta mana. Sai ka ce ta'aziyya ka zo."

Brod muke kiran juna a ƙungiya, wato ɗan'uwa. Ni kuma Lolo suke ce min, wato kaka, don na girmi wasu malamanmu. Wayar Pidoy nake juyawa a aljihu.

Ni ne ɗan rakiyar Pidoy Sumagaysay. Duk barista, haka muke kiran mai zaman jarrabawar tun kafin ya ci, ƙungiya na ba shi mutum guda: ya tashe shi, ya kai masa abinci, ya riƙe masa waya, ya raka shi har bakin ƙofa. Ta wayar nan surukarsa ta kira ranar Alhamis daga Iloilo, garinsu. Matarsa Nening ta haihu. Bakwaini ne, namiji, yana cikin kwalba. Likita ya ce ba zai yi alkawarin komai ba.

Wannan zaman Pidoy na biyar ne. A dokar lokacin, wanda ya kai biyar bai ci ba ya gama da lauyanci.

"Ina ganin ya kamata ya sani," na ce.

"Doka ce tun kafin a haife ni, Lolo. Labari ba ya tsallake ƙofar barista sai an kaɗa ƙararrawar ƙarshe. Ko gidansa ne ya ƙone."

"Gida ana sake ginawa, brod."

"Matar da kanta ta ce kar a faɗa. Kai ka fi ta sonsa?"

"Ban fi ta ba."

"To. Kwana ɗaya tak. Gobe da yamma ka faɗa masa har da kalar zanen goyo."

Kusa da taga Atorni Casiple na zaune, babban lauya, tsohon ɗan ƙungiya da ke ɗaukar nauyin otal duk shekara. Dafaffiyar gyaɗa yake ɓarewa yana tara ɓawon a hularsa. Ko kallonmu bai yi ba.

Arnel ya miƙo min kwano mai shuɗin murfi. Kwanon Nening ne. Duk Juma'a takan aiko wa mijinta adobo, wata dahuwar kaza irin tamu, ta hannun wanda ke tahowa daga gida. Wannan makon babu mai dafawa, sai Arnel ya sayo a wani gidan abinci ya juye a kwanonta.

"Ka ce jiya ya iso, a firji ya kwana."

Na karɓa na hau sama.

*

Pidoy na zaune a ƙasa, ya jingina da gado, littattafai sun zagaye shi. Gashinsa ya rufe kunne, don ya rantse ba zai aske ba sai an gama.

"Lolo na kaina. Me ka zo min da shi?"

"Saƙon madam."

Ya buɗe murfin ya sunsuna. Ya sa cokali ya juya, ya ɗago wani yanki.

"Dankali?"

"Da alama."

"Yaushe Nening ta fara sa dankali a adobo?"

"Mai ciki ce, brod. Komai tana iya sha'awa."

Ya yi dariya ya ci. Bai ci da yawa ba. Ya goge hannu a wando ya miƙo min tafi.

"Lokacina ya yi. Ba ni ita."

Ranar Asabar bayan abincin rana ake barin barista ya gaisa da iyali. Na kira, na miƙa masa, na koma bakin taga. Ɗakin shiru, ina jin muryarta sama-sama. Ta dage sosai. Ta ce lafiya lau take, ƙafa ce kawai ke kumburi. Ta ba shi labarin karen maƙwabta da ya shiga coci ana tsakiyar addu'a, ya kwanta a ƙafar fada, limamin cocin. Tana yi tana dariya.

Shi bai yi dariya ba. Idonsa a rufe, yana ta cewa "uhm, Inday, uhm." Inday sunan lele ne da muke kiran mace da shi.

Da suka gama bai mayar min da wayar ba. Ya kife ta a kan littafi.

"Zauna, Lolo."

Na zauna a bakin gado.

"Tun watan jiya Nening ba ta iya kai ƙarshen magana sai ta tsaya ta ja numfashi. Yaron ya tokare mata ƙirji. Har tsokanarta nake, ina ce mata tsohuwar mota a hawa." Ya buɗe ido. "Yau ta ba ni labarin kare daga shigarsa coci har fitarsa. Ba ta tsaya ko sau ɗaya ba."

Ya nuna wayar, ya ci gaba.

"Kuma gidanmu zakara ba ya barin mutum ya yi waya. Yau ban ji shi ba."

"Wataƙila an yanka shi."

"Aka sa masa dankali?"

Na kalli ƙasa.

"Mai shaida ya kalli kotu," ya ce. Da wasa ya fara, irin yadda muke yi a aji, amma muryar ba ta wasa ba ce. "Ka yi shekara da shekaru kana gadin kotu kafin ka shigo makaranta. Ka san yadda ake yi. E ko a'a. Matata na gida?"

"Brod, gobe..."

"Ba a tambayi shaida gobe ba. Tana gida?"

"A'a."

"Asibiti?"

"E."

"Tana cikin haɗari?"

"A'a. Ta zubar da jini, an ƙara mata. Tana tashi da ƙafarta."

Tambayar da ta rage ya kasa yin ta, sai na taimake shi.

"Yana raye, Pidoy. Namiji. Yana kwalba tun Alhamis."

"Tun Alhamis."

"E."

"Alhamis da ka zauna nan kana min tambayoyi a kan ɗaukaka ƙara."

"E."

"Kai ɗan'uwana ne ko mai gadina?"

Ya miƙe ya jawo jaka daga ƙarƙashin gado, ya fara cusa kaya ba ninki.

*

Daidai nan Arnel ya turo ƙofa, rungume da takardun hasashen tambayoyin gobe, da ɗuminsu. Ya kalli jakar, ya kalle ni.

"Lolo, me ka yi?"

"Bai yi komai ba," in ji Pidoy. "Dankalinka ne ya yi."

Arnel ya mayar da ƙofa ya jingina da ita.

"Brod, ka saurare ni."

"Matsa."

"In ka fita yau ka gama. Babu na shida. Shekarun da Nening ta yi tana sayar da kifi tana biya maka makaranta, duk ka zuba su a kwata."

"Kar ka ƙara kiran sunanta."

"Ita ta roƙe mu. Tana kan gadon asibiti ta sa Lolo ya yi mata alkawari."

"In yaron nan ya tafi yau fa? Me zan ce? In ce ban taɓa ganin fuskarsa ba, ina Manila ina haddace yadda ake kai sammaci?"

"In ka je me za ka yi masa? Kai likita ne?"

"Ni ubansa ne."

"Kana tsammanin zaune muke?" in ji Arnel. Yaro ne, bai kai talatin ba, kuma tun Alhamis ban ga ya runtsa ba. "Brod Dindo da yaran aji ɗaya suna barandar asibitin nan tun ranar, in wasu sun tashi wasu su zauna. Jinin da ke jikin matarka na brod-brod ne. Nononta bai kawo ba, matar Brod Tikoy ke tatsar nata tana kaiwa safe da yamma. Mun riƙe maka can don ka riƙe nan. Abin da ƙungiya take ke nan, in ba ka sani ba."

Pidoy ya tsaya, riga a hannunsa.

"Matar Tikoy? Wadda ba ta gaishe ni?"

"Ita."

Ya zauna a kan gado. Ya rufe fuska da rigar.

Can ya ɗago. "Na gode. Allah ya sani na gode. Amma matsa min, Arnel."

"Ba zan matsa ba. Doka ce. Atorni Casiple ma haka aka yi masa, ga shi yau waye bai san shi ba?"

Aka ƙwanƙwasa ƙofar daga waje, a hankali.

"Tunda an kira sunana, a bar ni in shigo."

Arnel ya buɗe. Tsohon ya shigo da hularsa ta ɓawon gyaɗa, ya nemi kwandon shara ya juye, ya karkaɗe ta ya sa a kai.

"Yaro, wa ya gaya maka yadda aka yi min?"

"Kowa ya sani, Atorni. Mahaifinka ya rasu kana tsakiyar jarrabawa, brod-brod suka ɓoye, ka ci a zama ɗaya."

"Haka ake faɗa."

"Ba haka ba ne?"

"Haka ne. Sai dai bai rasu nan take ba. Ya yi kwanaki a asibiti yana tambaya ina ɗansa Ruben, wato ni. Ana ce masa yana hanya." Ya zauna a kujerar karatu. "Ranar ƙarshe na fito ana kiɗa, ana watsa min giya a kai, an ɗaga ni sama. Daga saman kafaɗun mutane na hango ƙanena a tsallaken titi, sanye da baƙi."

Ya gyara zaman hularsa, ya ci gaba.

"Kafin ni babu dokar nan. A kaina aka yi ta. Aka ce tunda na ci, ta yi aiki. Duk shekara ina zaune ina jin yara na ba da misali da ni, ina cin gyaɗata."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?" in ji Arnel.

"Waɗanda suka yi min haka sun ƙaunace ni. Wasunsu alƙalai ne yanzu, wasu sun rasu. Na ce me zan tayar." Ya juya ga Pidoy. "Sumagaysay, kai fa? Me kake so, ɗanka ko jarrabawa?"

"Ɗana, Atorni."

"Amsar banza. Lauya ba ya karɓar zaɓi biyu don kawai an miƙo masa biyu. Akwai jirgin sama na la'asar zuwa Iloilo. Akwai na ƙarshe da ke dawowa bayan faɗuwar rana. Tsakaninsu ka ga yaron, ka ga uwarsa, ka juyo. Lolo zai bi ka. In ka yi gardamar dawowa ya ɗauko ka a kafaɗa, tsohon mai gadi ne."

"Atorni, damina ce," in ji Arnel. "In na dawowar ya makara fa? In an soke shi?"

"Wannan aikinka ne, shugaba. Ba kai ke cewa ƙungiya ba?"

Arnel ya daɗe yana kallon takardun hannunsa. Sai ya cusa su a jakar Pidoy, ya ja zif da ƙarfi.

"Ka karanta a jirgi. Shafin farko dai, don Allah. Kuma in ka faɗi kar ka ce ni ne."

"Zan ce dankali ne."

"Fita, kafin in canja ra'ayi."

*

A jirgi bai karanta komai ba. Ya buɗe shafin farko ya ɗora a cinya, har muka sauka yana nan a shafin farko.

Dindo ne ya tarbe mu da motar babansa ta ɗaukar shinkafa. Sama ta haɗe, ana yayyafi. A barandar asibitin muka tarar da yaranmu sun shimfiɗa kwali suna karatu. Suka miƙe gaba ɗaya. Ɗaya ya ce, "Barista, gashinka ya yi kyau." Pidoy ya dafa kansa ya wuce.

Nening na kan keken marasa lafiya a ƙofar ɗakin jarirai, an lulluɓa mata bargo. Ta ga mijinta, ta ga ni a bayansa.

"Manong Nestor," ta ce da ni, wato yaya Nestor, sunana na gaskiya. "Alkawarin ke nan?"

"Tambayoyi ya yi min, Inday. Ya iya."

"Kai kuma me ya kawo ka? Gobe wa zai rubuta maka?"

Pidoy ya durƙusa a gabanta ya riƙe hannayenta.

"Kin manta ki yi haki."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai kuka ya riga faɗan fitowa. Ta buge shi a kafaɗa, ta sake bugunsa, sannan ta riƙe gashin nan nasa.

"Yanzu za ka koma. Ka ji ni ko? Ban sayar da kifi don in auri mai kusan zama lauya ba."

"Zan koma. Bari in gan shi."

Nas ta sa shi ya wanke hannu har gwiwa, ta ba shi riga da abin rufe baki. Ta gilashi nake kallo, ƙofar a ɗan buɗe. Yaron bai fi tsawon takalmina ba. Wayoyi a ƙirjinsa, ƙirjin na hawa da sauka da sauri kamar na ɗan tsuntsu. Na'urar da ke gefensa tana ƙara, ta yi shiru, ta sake.

"Yi masa magana," in ji nas. "Suna jin murya. Wani lokaci numfashin kan daidaita."

"Me zan ce masa?"

"Ko me ke kanka."

Pidoy ya sunkuya kusa da ramin kwalbar. Ya yi gyaran murya. Sai muka ji a hankali:

"Sammaci ana miƙa shi hannu da hannu ga wanda ake ƙara. In ya ƙi karɓa, a ajiye a gabansa yana gani. In an neme shi an rasa, a bar wa wani babba mai hankali da ke gidan..."

"Ɗan kwana uku kake kai wa sammaci?" in ji Nening daga ƙofa, tana share ido.

"Shi kaɗai ke kaina, Inday."

"Ci gaba," in ji nas. Idonta na kan na'urar. "Kar ka tsaya."

Ya ci gaba. Ya gama sammaci ya shiga yadda ake gabatar da shaida. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, shi da jiya yake rantse min kansa ya zama fanko. Na'urar ta daina kukan nan nata. Ƙirjin yaron ya rage gudu.

Na duba waje. Hasken rana ya kusa ƙarewa, yayyafin ya zama ruwa sosai. Na ƙwanƙwasa gilashi da yatsa. Pidoy ya ɗago, ya gane.

Ya yi shiru zai miƙe, na'urar ta yi ƙara sau ɗaya.

Ya koma ya sunkuya.

"Pidoy," in ji Nening. "Tafi."

"Kin ji ta fa."

"Na ji. Tun Alhamis nake jinta. Tafi."

Ya kalli yaron, ya kalle ta, sannan ya kallo ni ta gilashi.

"Lolo, wanke hannunka."

"Iyaye kaɗai ke shiga," in ji nas.

"Shi zai tsaya masa uba a baftisma," in ji Nening. "Yanzu na yanke."

"Brod, ni aji biyu nake," na ce. "Ban kai inda ka tsaya ba. Kuma Atorni ya ce in mayar da kai."

"Dindo zai mayar da ni. Kai karanta masa abin da ka sani. Dokar aure, dokar gado, ko ma mene ne. Muryarka ta fi tawa sanyi, kai ko faɗa kake kamar addu'a."

Na naɗe hannun riga na buɗe famfo. Pidoy ya fito yana cire abin rufe baki, ya sumbaci goshin matarsa, ya ɗauki jaka.

Sai ga Dindo daga ƙarshen baranda, jiƙe sharkaf, waya manne a kunnensa. Bai yi gudu ba, kuma rashin gudun ne ya sa na rufe famfon.

"Barista," ya ce. "An soke jirginmu. Na safe kuma sai an rufe ƙofar jarrabawa zai sauka."

Jakar ta zame daga kafaɗar Pidoy. Nening ta damƙe bargonta.

Dindo ya ɗaga hannu, yana sauraron wayar.

"Tsaya, Arnel ne. Tun tashinku yake kiran tsofaffin brod ɗaya bayan ɗaya." Ya sake saurarawa, ya kalli Pidoy daga sama har ƙasa. "Ya ce in tambaye ka. Kana tsoron jirgin saman da ke kai kifi Manila cikin dare?"